Daga Gareji Zuwa Kwalta: Yadda Ake Mayar da Tsohuwar Motar Gudu Kan Hanya a Sakkwato

Mai walda ya gama nasa, mai fenti ya gama, an ɗinke kujeru, an ɗaura injin a mazauninsa. A wannan gaɓar ce mai mota ke ƙosawa ya murɗa makulli, kuma a nan ne ake yin ɓarnar da ta fi kowace tsada. Motar da aka kwance guntu-guntu aka sake haɗawa, babu noti ko ɗaya a jikinta da ya ɗauki nauyin tafiya tun bayan haɗin. Ga wata matsala ta biyu wadda ta shafe mu kai tsaye: irin waɗannan motoci masu kujera biyu, su MGB da Triumph Spitfire na Ingila, da Datsun 240Z ta Japan, da Mercedes 280 SL ta Jamus, an ƙera su ne da lissafin ƙasashen sanyi. Mu kuma daga Maris zuwa Mayu zafinmu na haura digiri 40, daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuma hazo ne da ƙura. Kusan kowane saiti da ke cikin littafin motar sai an sake dubansa da idon mutumin Sakkwato.

Za mu yi misali da MGB, wadda aka ƙera a garin Abingdon daga 1962 zuwa 1980, domin an yi fiye da guda 500,000 kuma har yau ana buga kayanta sabbi. Wanda yake da wata motar daban ya ɗauki tsarin aikin, amma adadin ya nemo shi a littafin tasa. Mai Peugeot 504 Coupé ya fi kowa sauƙin kai: mai silinda huɗun dangi ce ga 504 ɗin da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975, don haka wasu kayan ƙafa da na injin ana iya tsintar su a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna.

Birki da taya tukuna

Mu a ganinmu, motar da ba ta tsayawa ba a tayar da ita. Da zarar injin ya kama, babu wanda zai iya hana mai ita cewa bari ya ɗan zagaya layi, to gara birkin ya riga injin shiri.

Zubar da duk man birkin da ke ciki idan ya haura shekara biyu, ko da ba a taɓa taka shi ba. Man birki na DOT 3 da DOT 4 yana shan danshin iska. Sabon DOT 4 sai ya kai digiri 230 yake tafasa, amma wanda ya sha ruwa yana iya tafasa a 155, kuma man da ya tafasa ya zama iska: ka taka feda ta tafi ƙasa babu komai. Kada a haɗa su da DOT 5, wannan na silikon ne, ba sa gauraya. Tiyon roba da ke zuwa kowace ƙafa a canza shi gaba ɗaya. Tsohon tiyo yakan kumbura daga ciki alhali waje lafiya lau, sai mai ya wuce idan an taka amma ya kasa komawa, birki ya riƙe, ƙafa ta ɗau zafi har ka ji ƙauri.

Wajen fitar da iska, a fara da ƙafar da ta fi nisa da masta, wato silindar da fedar birki ke turawa, a ƙare da ta kusa. Mutum biyu ake so, ɗaya yana taka feda ɗaya yana buɗe nonon da sifana, ana lura kada kofin masta ya ƙafe. Bayan an gama, taka feda da ƙarfi ka riƙe na rabin minti. Idan tana sulalewa ƙasa a hankali, robar masta ta mutu ko akwai yoyo. Idan tana laushi amma tana tauri in ka buga sau biyu, ko dai sauran iska, ko lainin baya bai matso ba, domin MGB faifai ne a gaba ganga a baya, kuma na bayan da hannu ake saita shi. Ka kuma sani cewa yawancin na farko-farko layin birki ɗaya gare su: bututu ɗaya ya fashe, ƙafa huɗu sun tafi tare. Saboda haka birkin hannu ba ado ba ne, dole ya iya riƙe motar a gangara.

Taya kuma ba zanenta ake kallo ba, shekarunta ake kallo. A gefenta bayan rubutun DOT akwai lamba huɗu: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, wato 1823 na nufin mako na 18 a 2023. In lamba uku ka gani, tayar ta girmi shekarar 2000, a jefar da ita. Ka duba harafin jure zafi, A ko B ko C, ka ɗauki A saboda kwaltarmu ta watan Afrilu. Girman asali na wannan mota 155 ko 165 ne a kan wili mai inci 14, kuma saka mata faffaɗar taya yana sa sitiyari nauyi ba tare da ya ƙara komai ba.

Idan wilin mai waya ne irin na keke, wanda babban noti ɗaya mai kunnuwa ke riƙe shi a tsakiya, akwai abin da ke kashe mutum idan aka yi sakaci. Zaren notin ɓangaren dama da na hagu ba iri ɗaya ba ne: na dama zarensa a juye yake, don tafiyar motar ta riƙa ƙara ɗaure shi. A kowane ɓangare, idan ka bugi kunnen sama zuwa bayan mota ɗaurewa yake, zuwa gaba kuma kwancewa. In mai haɗawa ya musanya cibiyoyin, na dama ya koma hagu, noti zai kwance kansa a kan hanya wili ya fice. A duba wannan ƙafa bayan ƙafa. Irin wannan wili yana kuma buƙatar tib a ciki, da ƙyallen roba da ke rufe kawunan wayoyin, ka faɗa wa mai faci tun kafin ya fara.

Abu na ƙarshe a ƙarƙashi: duk notin da ya ratsa bushin na roba, ba a ɗaure shi ƙarshe sai motar ta sauka daga jak tana tsaye da nauyinta. In aka ɗaure tana rataye, robar za ta zauna a murɗe ta yage cikin 'yan watanni. A buga giris a duk nonuwan ƙafar gaba har sai sabo ya ɓullo.

Tanki da hanyar fetur

Fetur da ya shekara a tanki yakan zama danƙo mai warin fenti. Sauke tankin, a wanke, a haska ciki da tocila. In tsatsa ce ta sama-sama, a zuba 'yan notuna da kananzir a girgiza har ta saki, a ɗauraye a shanya. In ta ci ƙarfen har yana ɓarewa, sabon tanki ya fi. Kada mai walda ya kusanci tankin da aka taɓa zuba wa fetur da wuta sai an wanke shi an cika da ruwa, domin tururin da ya rage shi ke fashewa.

A busa iska ta bututun ƙarfe daga baya zuwa gaba, a canza duk tiyon roba da wanda aka yi don fetur, a saka filta tsakanin tanki da famfo. Ka leƙa kowane ƙaramin bututun shaƙar iska, na tanki da na kafireto da na akasil na baya. Zanzaro yana son irin waɗannan ramuka, yakan cika su da laka cikin mako ɗaya. Tankin da ba ya shaƙar iska zai kashe motar bayan 'yan kilomitoci, ka buɗe murfi ka ji ya ja iska, ta sake tashi kamar ba ita ba.

Famfon fetur na MGB na lantarki ne, yana baya kusa da batir. In ka kunna makulli za ka ji yana ƙas-ƙas da sauri, sannan ya lafa idan kafireto ta cika. In bai yi motsi ba, kwantak ɗinsa ne ya kama tsatsa, a goge da takardar yashi mai laushi. In kuma bai daina bugawa ba, akwai yoyo ko allurar kafireto ba ta rufewa, kashe makulli nan take. Kada a yarda a saka famfon motar zamani a madadinsa. Kafireto irin ta SU, wadda ke kan MGB, ba ta son matsin da ya wuce psi 3 zuwa 4 (psi ma'aunin matsi ne), famfon injekta kuwa yana ba da ninkin wannan sau goma ko fiye, fetur zai riƙa malala a kan salansa.

Waya da batir

Kafin a haɗa batir a tabbatar wane kai ne ke zuwa jikin mota. MGB ɗin da aka yi kafin ƙarshen 1967 kan fositif ne ke zuwa jiki, saɓanin abin da kowane mai rewaya ya saba. Da yawa an riga an juya su, to a bincika a gani maimakon a yi zato. Har zuwa 1974 kuma batir biyu ne masu bolt 6 a bayan kujeru, yawancin masu gyara sukan mayar da su ɗaya mai 12.

Launin wayoyin motocin Ingila yana da ƙa'ida: ruwan ƙasa wuta ce kai tsaye daga batir babu fis, fara ta makulli ce, kore ta makulli bayan fis, shunayya wuta ce ta kullum bayan fis, baƙa kuma ta jiki. Mai ruwan ƙasar ita ce abin tsoro, in ta gogi ƙarfe babu abin da zai yanke ta sai gobara. A haɗin farko, sanya fis mai amfiya 10 tsakanin kan batir da wayarsa, ka gwada fitilu da sigina da oda ɗaya bayan ɗaya ba tare da taɓa kik ba. In akwai inda ɓera ya ci ko aka haɗa ba daidai ba, fis ne zai ƙone. Daga nan a saka makunnin yanke batir inda hannun direba zai kai.

Matsin baƙin mai kafin wuta

Wannan shi ne sashen da ba a yi masa gaggawa. Zuba baƙin mai 20W-50 na gargajiya, wajen lita 4 da rabi, ka cika filta da shi kafin a ɗaura. Kada a fara da siririn man zamani irin 5W-30. Tsofaffin injuna tafet ɗinsu, wato ƙarfen da kamshaf ke turawa don buɗe bawul, shafaffe ne, yana gogar kamshaf kai tsaye, kuma yana buƙatar mai da ke da sinadarin zink da yawa, wanda aka rage a man motocin yanzu. Abin da ke ba kanikawa da yawa mamaki shi ne giyabos ɗin MGB ma wannan 20W-50 ɗin yake sha. Man giya mai kauri, lamba 90, na akasil ɗin baya ne, ba na giyabos ba.

Cire fulogi duka huɗu, ɗiga kamar cokalin shayi na mai a kowane rami, ka juya injin da sifana ta notin gaban karanshaf zagaye biyu cikakku. Ya kamata ya juya sumul. In ya cije a wani wuri, tsaya, kada ka tilasta: ko bawul na taɓa fistin, ko wani abu ya faɗa ciki. A nan ne za a duba tazarar tafet, inci 0.015 wato milimita 0.38 injin na sanyi a yawancinsu.

Sai a cire wayar kwayil da ta famfon fetur, a buga kik na daƙiƙa 10 zuwa 15, a huta, a sake, ido na kan agogon matsin baƙin mai. Cikin bugu uku ko huɗu allura ta motsa. In ba ta motsa ba kada a ci gaba da bugawa, ana share man da aka shafa wa kamshaf ne kawai. Dalilin yakan zama ɗaya cikin biyu. Ko famfon mai ya bushe ya kasa tsotsa, wanda maganinsa shi ne a cika shi da basilin lokacin haɗi. Ko kuma an saka gasket ɗin da ba nasa ba: injin MGB na 1962 zuwa 1964 mazaunin karanshaf uku gare shi, na bayansa biyar, kuma kwalin gasket yakan zo da na famfon kowannensu. In aka ɗauki na ɗayan, famfo iska zai riƙa ja. Sauke kaskon ƙasa aikin rabin yini ne, injin da ya yi minti ɗaya babu mai kuwa sai an sake sauke shi gaba ɗaya.

Tashin farko

Tazarar kwantak ɗin distiributa milimita 0.35 zuwa 0.40, ta fulogi wajen 0.64. Jerin wuta 1-3-4-2 ne, na ɗaya shi ne na kusa da lagireto, kuma rota tana juyawa saɓanin hannun agogo. Saita taimin wajen digiri 8 zuwa 10 kafin fistin na ɗaya ya kai ƙololuwa. MGB kafireto biyu gare ta: a kan kowace, murɗa notin jet sama har ƙarshe sannan ka sauko da shi zagaye biyu, ka zuba mai a cikin tulun saman kowace. Ɗaga fistin kowace kafireto da yatsa ka saki, ya sauka da 'yar ƙara. Wanda ya maƙale a wanke shi da fetur, kada a goge shi da takardar yashi.

A fitar da motar fili, kada a tayar a rufaffen gareji. Mutum uku: ɗaya a kujera idonsa kan agogon mai da na zafi, ɗaya a kan injin, ɗaya riƙe da abin kashe gobara yana leƙen ƙasa. A zaɓi sassafe. In ta yi tari ta baya ta kafireto ba ta kama ba, galibi an juya wayoyin fulogi ko an dasa distiributa a bai-bai. In babu ko motsi, a duba wuta a fulogi, kuma kwandansa ce farkon abin zargi, domin sababbin da ke kasuwa da yawa ba su da inganci.

Da ta kama, idan kamshaf da tafet sababbi ne, kada a bar ta a sulo. Ɗaga ta zuwa juyi 2,000 zuwa 2,500 a minti, ka riƙe tsawon minti 20 kana ɗan hawa da sauka. Kamshaf da fantsamar mai yake rayuwa, a sulo kuma fantsamar ba ta isa, sai ƙusoshinsa su cinye tun ranar farko. Ajiye babbar fanka a gaban lagireto. Matsin mai ya zauna tsakanin psi 50 da 80. Hayaƙin fenti da ke ƙonewa a kan salansa ba komai ba ne, amma in matsin mai ya faɗi, ko allurar zafi ta nufi ja, ko an ga ɗigon fetur, a kashe. Ana iya ƙarasa mintocin bayan an gyara.

Bari ta huce sarai, a zubar da man a canza filta, a duba ko akwai ƙyallin ƙarfe a ciki. A sake ɗaure notunan kan injin bisa jerinsu daga tsakiya zuwa waje, da sifana mai awo, a ƙarfin ɗauri Nm 61 zuwa 68, sannan a sake saita tafet domin ɗaurin yana rage tazararsu.

Sai daidaita kafireto biyun, injin na da zafi. Sassauta sandar da ta haɗa su, ka kara guntun tiyo a bakin kowace kana saurare da kunne, ka murɗa sukurorin sulo har shaƙarsu ta zama ɗaya a wajen juyi 800. A ƙarƙashin kowace akwai ɗan fil na ɗaga fistin. Tura shi kaɗan, ƙasa da milimita ɗaya. In juyi ya ɗan hau ya dawo, daidai ne. In ya hau ya zauna, fetur ya yi yawa. In ya faɗi, fetur ya yi kaɗan, kuma ƙarancin fetur zafi yake ƙara wa injin, don haka a garin nan gara ta ɗan karkata wajen yawa.

Zafi da ƙura

Al'adar da ta zama ruwan dare a garejinmu ita ce cire tamostat a jefar. Ba mu goyon bayan haka. Injin da babu tamostat yakan daɗe bai kai zafin aiki ba da safiyar hunturu, fetur ya riƙa wanke man jikin silinda, kuma zagayen ruwa a kan injin ya rikice har bayan injin ya fi gaba zafi. Kamfanin da kansa ya tanadi tamostat mai buɗewa a digiri 74 don ƙasashen zafi, maimakon 82 na yau da kullum. Shi za a nema. Kafin a ɗaura, a jefa shi a ruwan zafi a ga ya buɗe.

Ainihin maganin zafi yana lagireto. Tsohon da aka yi wa fenti ya yi kyau daga waje yana iya zama rabin bututunsa a toshe. A kai wa mai lagireto ya buɗe ya zura, ko ya saka sabon ciki mai layi uku ko huɗu. Murfin ma a duba: na farko-farko psi 7 ne, na baya sun fi haka, kuma kowane psi yana ɗaga tafasar ruwa da kusan digiri ɗaya da rabi, don haka murfin da robarsa ta mutu shi kaɗai yana sa mota amai. Ruwan rijiya da na burtsatse ba na lagireto ba ne. Yankin da ake haƙar dutsen siminti a Kalambaina ba a rasa alli a ruwan ƙasarsa, kuma allin nan shi ke daskarewa a cikin bututu. A yi amfani da tataccen ruwa, kashi biyu, da ruwan kulan kashi ɗaya saboda tsatsa. Fankar lantarki a gaban lagireto tana taimakawa sosai a cunkoson kasuwa, amma a tabbatar tana tura iska ciki ne. Fanbel ya lotsa kamar santimita ɗaya in an danna.

A injin MGB kafireto da bututun salansa ɓangare ɗaya suke, ɗaya a kan ɗaya. Tsakaninsu akwai farantin kare zafi mai shafi a bayansa, kuma masu haɗawa sukan manta da shi ko su mayar da shi babu shafin. Sakamakon shi ne motar ta yi tafiya lafiya, ka tsaya sallah ko sayen abu na minti 10, ta ƙi tashi, saboda fetur ya tafasa a cikin kafireto. A mayar da farantin da sabon shafi, a nisanta tiyon fetur daga salansa. Tsohon shafin na asali yana iya zama asbestos, wanda ƙurarsa ke cutar da huhu, kada a kankare shi a bushe ana shaƙa.

Ga kuma fetur ɗin kansa. Injin MGB mai matsin silinda 8.8 an yi shi ne don fetur mai ƙarfin oktan 98 ko sama, namu kuwa yana wajen 91. In ka taka totur a giya ta huɗu daga ƙaramin gudu ka ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, fetur na fashewa kafin lokaci, kuma hakan na huda fistin. A ja taimin baya digiri biyu a sake gwadawa, har ƙarar ta ɓace. Sannan fetur mai dalma ya daɗe da barin kasuwa, alhali dalmar ce ke kare mazaunin bawul ɗin hayaƙi a kan injin na baƙin ƙarfe. In ba a saka masa mazauni mai tauri lokacin gyara ba, a riƙa auna tafet: tazarar bawul ɗin hayaƙi da ke raguwa kullum alama ce bawul na nutsewa. Man 'yan bumburutu kuma a bar shi sai dole, in dolen ta zo a tace da kyalle.

Filtar iska ta ado, mai raga da murfin azurfa, ba ta da wuri a ƙasar hazo. Ƙura tana wucewa ta cinye sabbin ringi cikin hunturu ɗaya. A mayar da gidan filta na asali da filtar takarda, a riƙa dubawa duk mako biyu daga Nuwamba zuwa Fabrairu.

Takardu

A gama su kafin taya ta taɓa titi: takardar kwastam in daga waje aka shigo da ita, shaidar mallaka, rajista da lamba ta yanzu, lasisin mota, takardar lafiyar mota daga jami'an VIO, da inshora, wadda mafi ƙanƙantarta ga motar gida ta koma naira 15,000 tun Janairun 2023. Lambar shasi da ta injin su dace da abin da ke rubuce, in an canza injin ko launi a sanar a gyara takarda. Babbar matsala ita ce sitiyarin dama. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama ranar 2 ga Afrilu 1972, kuma dokar hanya ba ta yarda da mota mai sitiyari a dama ba. MGB tana juyuwa da kayan kamfani, domin yawancinsu don Amurka aka yi su: sandar sitiyari ta hagu, dashbod, da mazaunin feda. Kada a yarda da yanka da walda a sitiyari. Fitilun gaba ma a canza, na Ingila hagu suke karkata, idon mai tahowa za su riƙa haskawa.

Fita ta farko

A fara cikin gida ko fili: gaba, baya, birki, giya ɗaya da biyu. In giya ta ƙi shiga injin na aiki alhali feda na da nauyi, farantin kuloci ne ya manne saboda zama. A ɗumama injin, a kashe, a sa giya ta biyu, a tayar da ita a haka ƙafa na kan kuloci a fili mai faɗi babu kowa a gaba, yawanci yakan saki da ɗan fizga.

Fitar farko ta zama bayan sallar asuba, kilomita 5 zuwa 10, wata mota na biye da igiya da jarkar ruwa da abin kashe gobara. A zaunar da birki: daga gudun kilomita 50 a awa a sauko zuwa 10, sau goma, ba tare da tsayawa cak ba, sannan a yi tafiya ya huce. In an dawo a kara bayan hannu kusa da kowane wili, wanda ya fi sauran zafi birkinsa na riƙewa ko boris ya matse. A shimfiɗa kwali a ƙarƙashi a ga abin da ke ɗiga, a sake bin notunan wili. A bar ta minti 10 a sake tayarwa, wannan ne gwajin farantin zafi.

Daga nan a riƙa ƙara nisa, ta baifas ko hanyar Bodinga, da rana kuma kusa da gari. Ka tuna ƙarƙashin motar inci 5 ne kawai daga ƙasa, kusan santimita 13, kuma salansa ce ke fara taɓawa, don haka tudun rage gudu a karkace ake hawansa, a hankali. A damina kada a shiga ruwan da ba a ga ƙasansa ba.

Kilomita 800 na farko kada juyi ya wuce 3,500, kada kuma a bar injin yana nishi a babbar giya. A riƙa canza gudu: a taka totur sosai na 'yan daƙiƙu, a saki motar ta ja kanta da giya, domin wannan hawa da saukar ne ke zaunar da ringi. Gwajin tsakar rana a watan zafi sai bayan an wuce rabin wannan nisa. In an cika 800, a canza mai da filta, a sake ɗaure kan injin, a saita tafet da kwantak da taimin, a bi duk notunan ƙafa da na farfela, a kai ta alaimen a sa gaban tayoyin ya matso ciki da milimita 1.5 zuwa 2.4. A auna matsin silinda huɗun injin na da zafi, bambancin mafi girma da mafi ƙanƙanta kada ya wuce kashi 10 cikin 100, kuma a rubuta adadin a ajiye don kwatantawa a sabis na gaba.